Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Maraɗi: a fito da eko daga ɗakin awon ciki

Mai girma Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, mai rubuto maka tsohon majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a asibitocin karkarar jihar nan kafin ya aje aiki. Na so in zo ofis mu yi maganar nan baki da baki, sai na ga akwai wasu kunnuwan da ya kamata ta shiga: shugabannin asibitocin gundumomi, malaman sashen koyon aikin likita na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da kuma jama'ar gari, tunda su ne ke ɗauko marar lafiya a amalanke ko bisa kabu-kabu. Shi ya sa na baza ta a faifai.

Maganar a kan na'urar eko ce, wadda ke nuna hoton cikin jiki ta hanyar aika sauti, da cikin mutumin da ƙari ya toshe wa hanji.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a wani ƙauye arewa da nan. Tun cikin bazara ya fara kukan bayan gida: yau ya yi kwana uku bai fita ba, gobe ya ɓalle da gudawa, wani lokaci da jini-jini. Kowa ya ce basir ne. Ni ma, da kunya nake faɗa, basir na ce ta waya, har na aika masa da magani. Aka yi jiƙo, aka yi sassaƙe. Wando ya fara yi masa yawa, aka ce wahalar noma ce, in an yi kaka zai murmure. Gero na shiga rumbu ciki ya ɗaure gaba ɗaya. Kwana 4 babu bayan gida, ko iska ba ta fita, ciki ya tashi kamar ganga. Wani mai tallar magani a kasuwa ya ba shi maganin wanke ciki, murɗar ta ninka, amai ya biyo baya.

Da dare aka kai shi asibitin da ya fi kusa. Na'urar hoton radiyo, irin wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji da ita, tana jiran gyara. Eko kuwa tana nan lafiya lau, a ɗakin awon mata, an kulle, makulli ya tafi gida da mai shi. Da ɗansa ya yi tambaya aka ce masa: "Eko ai ta masu juna biyu ce, tsohonka mi za a gani a cikinsa?" Ba na ganin laifin wanda ya faɗi haka. Na yi aiki a irin wurin, na san abin da aka koya mana ke nan. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ba shi maganin taifot da na zazzaɓin sauro, ya kwana biyu. A rana ta uku aka rubuta masa takardar zuwa Maraɗi.

A nan ne wani matashin likita mai kwanan aiki ya jawo wata ƙaramar eko, ya shafa wa yayana mai a ciki, ya ɗora kan na'urar a kwiɓinsa. Da na ce masa ni ɗan gida ne, sai ya ce: "To Baba, matso ka gani." Bai kai minti goma ba ya nuna mini abu uku: hanji ya buɗe ya cika da ruwa, wani dunƙule a ƙasan ciki ta hagu inda hanyar ta ƙare, da wasu tabo zagayayyu a hanta. Kafin asuba likitan fiɗa ya san abin da zai tarar, mu ma mun san abin da muke ciki. Abin da aka gani cikin minti goman nan, da an gan shi tun daren farko, da na'urar da ke bayan ƙofar da aka kulle.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin ilimin, amma ka ba ni dama in warware shi saboda masu karatu, don kada a ɗauka tsafi nake talla.

Ƙaramin hanjin mutum ya kai kamar mita 6, babban hanji kuma kamar mita ɗaya da rabi. Kowace rana, tsakanin yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da na hanjin kansa, jiki na zuba wajen lita 7 zuwa 8 a cikin wannan hanya, sannan ya sake tsotse kusan duka. Idan hanya ta toshe, ruwan nan sai ya taru a bayan wurin da ya toshe. Shi ya sa za ka ga mutum cikinsa fal da ruwa amma harshensa a bushe, idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke. Wannan taruwar ruwa ita ce ke kashe marar lafiya, ita ce kuma ke buɗe wa eko ido, domin sautin da na'urar ke aikawa yana ratsa ruwa sarai, iska ce ke tare shi. Hoton radiyo kuwa akasin haka yake: iska yake nema. In hanjin ya cika da ruwa zalla, ana iya ɗaukar hoton ya fito kamar babu komai, a sallami mutum da maganin kumburin ciki.

Wanda ya iya, ba ya fara ɗora kan na'ura a cibiya. Mutumin da ke kwance rigingine iskar cikinsa sama take tasowa, ruwa ya koma gefe, don haka ta kwiɓi ake shiga. Abu na farko da ake nema shi ne faɗin hanji. Ƙaramin hanji in ya wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ya buɗe fiye da ƙima. Babban hanji iyakarsa 6. Bakinsa na dama, wanda yake kamar jaka a ƙasan ciki, in ya wuce 9 an fara fargaba, in ya doshi 12 yana dab da fashewa. Na biyu shi ne motsi. Hanjin da ke kokawa da toshewa za ka ga abin da ke cikinsa yana kai-komo, ya je ya dawo, kamar nono a gyanɗama lokacin da ake kaɗa mai. A jikin bangon ƙaramin hanji kuma wasu ƴan tsaguna na fitowa jere kamar haƙoran mataji, da su ake bambanta shi da babban hanji, wanda nasa lanƙwasoshin suke nesa da juna. In aka ga ruwa ya fara kwanciya tsakanin hanji da hanji, bango ya yi kauri, wani sashe ya tsaya cik ba ya motsi, to jini ya fara yanke wa wurin. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Wannan duka gano toshewa ne, kuma shi ne mai sauƙi. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna eko na gano toshewar ƙaramin hanji a sama da kashi 90 cikin 100 na masu ita, har a hannun likitocin ɗakin gaggawa waɗanda ba ƙwararrun hoto ba ne. Gano dalilin toshewar shi ya fi wuya, a nan ne kuma ake bukatar haƙuri. Ana bin hanjin da ya kumbura sannu a hankali, kamar mai bin sawun ɓarawo a rairayi, daga ƙasan ciki ta dama, a hau, a tsallaka ƙarƙashin haƙarƙari, a gangara ta hagu, har a zo inda kumburarren hanji ya haɗu da wanda ya lafe babu komai a ciki. Duk abin da ya toshe hanyar, a nan yake zaune. Idan ƙari ne, bangon hanjin da bai kamata ya wuce milimita 3 ko 4 ba sai a gan shi ya yi kauri, ya yi duhu, shimfiɗunsa sun ɓace, tsakiyarsa da ɗan haske inda ragowar hanyar ta matse. Siffarsa sak ƙoda, har likitoci na ce masa ƙodar ƙarya. Shi na gani a cikin yayana, a wurin da Allah bai halicci ƙoda ba.

Akwai dalilin da ya sa toshewar ta zo ta hagu. Babban hanji ta wannan ɓangaren ya fi ƙunci, bayan gida kuma ya riga ya yi tauri kafin ya iso, ƙarin da ke fitowa a nan kuma yakan zagaye hanjin ya shaƙe shi kamar zobe a kumburarren yatsa. Na dama ya fi yin ɓarna a ɓoye: yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, mutum ya yi ta fari ana ba shi maganin ƙarin jini. Wani abin kuma da ya sa toshewar babban hanji ke yaudara, amai ba ya zuwa da wuri. Tsakanin ƙaramin hanji da babba akwai wata ƴar ƙofa da ke barin abu ya wuce gaba amma ba ta barinsa ya dawo. In ta riƙe da kyau, ga ƙari ya toshe can gaba, sai hanjin ya zama salkar da aka ɗaure baki biyu ana ta ɗura mata ruwa. Dangi na cewa ai da sauƙi tunda ba ya amai, alhali salka na shirin tsagewa. Maganin wanke ciki a wannan hali ƙara wa salkar ruwa ne.

Kafin a ɗauke kan na'ura, sai a leƙa hanta, domin jinin hanji can yake fara zuwa, kansar hanji ma can ta fi yawan yaɗuwa. A duba ko ruwa ya taru a ciki, a duba ƙoda ko ta kumbura, in mace ce a duba ƙwan mahaifa, domin kansar wurin na cikin masu yaɗuwa su nannaɗe hanji. Duk wannan da kan na'ura guda ake yi, irin mai lanƙwasar nan da ake duba jariri da shi. In akwai miƙaƙƙen kai mai nuna abin da ke kusa da fata, a ƙara da shi a ga bangon hanji dalla-dalla. Babu shi ma aiki ba ya tsayawa.

Abin da ke ba ni mamaki, wannan na'ura da muka mayar ta mata masu ciki kaɗai, da farko ƙari aka nema da ita. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara shigo da ita asibiti, Ian Donald na birnin Gilasgo a Sikotilan, rubutunsa na 1958 a kan dunƙulen ciki ne. Cikin waɗanda suka fara amfana har da wata mata da aka yanke wa hukuncin kansar tumbi wadda ba ta aikatuwa, na'urarsa ta nuna ƙullutun ruwa ne a ƙwan mahaifa, aka yi mata aiki ta tashi. Awon jariri daga baya ya mamaye fagen. Mu a nan ta ƙofar lafiyar uwa da jariri eko ta shigo mana, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo ta, ta ceci mata ba adadi. Sai dai ta shiga ɗakin haihuwa ta zauna, ba ta sake fitowa ba.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangaren. Za su ce sikana, babbar na'urar hoton nan da ake shigar da mutum cikinta a kwance, ita ce uwa a wannan fage. Haka ne. Ita ke nuna wurin toshewa da dalilinsa da iyakar yaɗuwar ƙari fiye da kowace na'ura. Eko tana da makanta: mutum mai teɓa yana ba ta wahala, iska in ta yi yawa tana rufe mata ido, ƙarin da ke can ƙasa kusa da dubura yakan ɓuya mata, wanda yatsan likita cikin safar hannu ya fi ta saurin ganowa. Idonta kuma idon mai riƙe da ita ne. Sannan ko ta nuna dunƙule, ba ita ke cewa kansa ce ba, sai an yanki tsoka an kai ɗakin bincike, domin tarin fuka na hanji ma yakan yi irin wannan kama, kuma muna da shi a ƙasar nan. Duk na yarda. Amma sikana a manyan asibitocin birni take, da kuɗinta, da ruwan allurarta da ke son lafiyayyar ƙoda, ga wutar da take ci. Mutumin da cikinsa ya ɗaure a ƙauyen Dakoro ko na Tasawa, tsakaninsa da Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100 ce, na bayan Bermo kuwa ba a magana. Da ƙarfe biyun dare a can, ba tsakanin eko da sikana ake zaɓi ba. Abin da ke hannun ma'aikaci tafin hannunsa ne da abin sauraren ciki, sai na'urar da ke kulle.

Af, tun da na ambaci sikana, a ja hankalin jama'a kan wani ruɗani. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano abin da muke kira eko shi suke ce wa sikanin. Na sha ganin wanda likita ya ce ya yo sikana, ya tsallaka Jibiya ya dawo da takardar eko yana murna ya samu da araha.

Wani zai ce, tunda kowace toshewa aiki ne ƙarshenta, mene ne amfanin sanin dalili tun daga gunduma? Amfanin babba ne. A wajenmu abin da ya fi toshe hanji ƙaba ce da ta maƙale, da murɗewar babban hanji, da mannewar hanji bayan tsohon aiki. Ga kuma hujewar hanji ta taifot, wadda ke kumbura ciki ta kwaikwayi toshewa, amma a eko za ka ga hanjin ya yi lamo ba kokawa, ga gurɓataccen ruwa ya cika ciki. Ƙaba likitan gunduma da ya koyi fiɗa zai gama da ita a daren. Ƙari kuwa wani aiki ne daban. Yana son jini a ajiye, yana son wanda ya saba yanke hanji ya san inda zai tsaya, ya san lokacin da zai haɗa da lokacin da zai fito da bakin hanji ta jikin ciki, yana son a adana tsokar da aka cire a aika bincike. Babu abin da ya fi ciwo kamar a buɗe mutum a wurin da ba a shirya ba, a ga abin da ya fi ƙarfin wurin, a rufe, a ɗora shi a mota da sabon ɗinki. Na raka irin waɗannan a motar asibiti, na san yadda hanyar take tsawo.

Yara ma suna cikin maganar. Jaririn da ke ƙwalla ƙara lokaci-lokaci yana naɗe ƙafa, yana kashi mai majina da jini, sau da yawa hanjinsa ne ya shige cikin hanji. A eko abin na fitowa zobe cikin zobe kamar saƙar faifai, wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa, kuma duniya ta yarda eko ce gwajin farko a wannan ciwo. A jarirai yawanci babu ƙari. Amma in yaro ya girma, ya kai shekarun makaranta, ko babban mutum ne, to a nemi abin da ya ja hanjin. A yaranmu a tuna da kansar nan da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai bin yankunan da zazzaɓin sauro ya yi katutu. An fi saninta da kumbura muƙamuƙi, amma tana kama ciki, tana girma cikin ƴan makonni, tana kuma jin magani in an kama ta da wuri. Mu da muke jihar da asibitocin yara ke cika maƙil kowace damina, bai kamata wannan ta riƙa wuce mu ba.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ƙasar nan ta taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Da aka ga likitocin fiɗa ba za su ishi gundumomi ba, an ɗauki likitoci na gama-gari an koya musu fiɗar gunduma, suka koma suna ciro jarirai suna gyara ƙaba. Wanda aka amince masa ya riƙe wuƙa, a amince masa ya riƙe kan eko. Ina roƙon hukumarka ta haɗa kai da malaman jami'a da ƙwararrun hoto na Maraɗi a shirya horo gajere, a kan gadon marar lafiya, ga likitoci da manyan ma'aikatan jinya masu kwana a ɗakin gaggawa na Mayahi, Agye, Gazawa, Gidan Rumji, Madarumfa da sauransu. Kada a ce za a mayar da su ƙwararru. A koya musu amsa tambayoyi kaɗan: hanji ya buɗe ko bai buɗe ba, ƙarami ne ko babba, yana motsi ko ya tsaya, akwai ruwa a ciki, an ga dunƙule, hanta fa? Kuma kada horon ya zama irin wanda muka saba, kwana uku a ɗakin taro, a ci abinci a karɓi kuɗin zama a watse. A riƙa komawa ana duba hannunsu, domin wannan aikin kamar tuƙi ne, a kan hanya ake iya shi. Ɗaliban likita kuwa, kada ɗaya ya karɓi takardar gamawa bai taɓa ganin kumburarren hanji a allon eko ba.

Sai maganar makulli, wadda ba ta cin ko dala. A rubuta a aika wa kowane asibiti cewa eko ta asibiti ce gaba ɗaya, mai kwanan aiki ya san inda makullin yake. In za a sayi sababbi, a duba ƙanana masu batir, har da waɗanda ake haɗawa da wayar hannu, tunda ciwo ba ya jiran a dawo da wuta. Wayar nan kuma ta yi wani aikin: ma'aikaci ya ɗauki ɗan gajeren bidiyon abin da ya gani, ba suna ba fuska, ya tura wa likitan fiɗa a Maraɗi ta WhatsApp kafin mota ta tashi, a shirya jini da ɗakin aiki tun marar lafiya yana hanya. Ƴan kasuwar garin nan da haka suke cinikin buhunan wake da mutumin da ba su taɓa gani ba.

Ina da ƙorafi ɗaya ga masu rubuta sakamako, na gwamnati da masu zaman kansu. Sau nawa iyali ke biyan kuɗin eko a ba su takarda mai cewa hanta lafiya, ƙoda lafiya, saifa lafiya, iska ta hana ganin sauran? Mutum ya zo da ciki kamar tulu, an duba komai ban da abin da ya kawo shi. Iskar da ta hana gani ita kanta labari ce. A juya shi, a shiga ta kwiɓi, a danna a hankali a kore ta, a auna hanjin a rubuta faɗinsa da lamba.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Eko ba dalilin jinkiri ba ce. Wanda ya zo da toshewa, tiyo ta hanci don zuƙe ciki, ƙarin ruwa ta jijiya, robar fitsari don a san abin da ƙoda ke yi, hana shi ci da sha, waɗannan ne farko. Wanda cikinsa ya sandare kamar katako, jini ya faɗi, ba ya bukatar hoto kafin a kira likitan fiɗa. A cikin ƙarin ruwan ne ake ɗora na'ura, a gadon da yake kwance, ba a tura shi layin awo ya jira safiya ba.

Game da kuɗi, mun ga rangwamen da gwamnati ta yi a 2024 na rage kuɗin asibitocinta da rabi, talaka ya ji daɗinsa. Roƙona shi ne wannan dubawa ta minti goma a ɗakin gaggawa a ɗauke ta kamar awon jini da awon zafin jiki, cikin kuɗin ganin likita, kada ta zama wata takardar da za a tura ɗan rakiya ya nemi mai karɓar kuɗi da tsakar dare. Sannan a buɗe rajista: duk wanda aka yi wa aikin toshewar hanji a jihar nan a rubuta shekarunsa, kwana nawa ya yi kafin ya zo, me aka tarar. Littattafan da muka karanta sun ce kansar hanji ciwon tsofaffin Turawa ce, amma likitocin Afirka sun daɗe suna ba da rahoton ganinta a mutanen da ba su kai 50 ba. Sai mun ƙirga namu za mu san irin kayan da za mu roƙa.

Jama'ar gari kuma, gidajen rediyonmu su taimaka. Basir ya zama bargon da muke lulluɓe kowane ciwon ciki da shi, masu lasifika a kasuwa suna ta sayar da maganinsa kala-kala. A gaya wa mutane da Hausar da za su ji: wanda ya manyanta, bayan gidansa ya sauya ya ƙi komawa daidai, yana ganin jini, yana ramewa ba dalili, ya je a duba shi tun yana tafiya da ƙafarsa. Wanda cikinsa ya kumbura, bayan gida da iska suka ɗauke, kada a ba shi maganin wanke ciki, kada a ɗura masa kunu, a nufi likita a ranar.

Yayana an yi masa aiki a daren. Jakar hanjinsa ta dama ta riga ta fara tsagewa, saura ƙiris. Likitan ya cire sashen da ƙarin yake, ya fito da bakin hanji ta gefen ciki, aikin da ake kira da sunan Hartmann, likitan Faransa da ya bayyana shi a 1921. Sakamakon tsokar ya dawo bayan makonni, kansa ce. Saboda abin da aka gani a hanta, likitan ya zaunar da mu ya faɗa mana gaskiya: magani zai iya ja masa kwana, ba zai warkar ba. Mun kai shi Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take, wadda ta fara gashin ƙari da na'ura a 2021. Ya karɓi abin da jikinsa ya iya ɗauka na magani, ya ce a mai da shi gida. Gaskiyar da aka faɗa mana tun farko ita ta hana mu sayar da gonar gado mu bi masu alkawarin warkarwa.

Abin da ya fi damunsa ba ciwon ba ne, jakar da ke manne a cikinsa ce. Samunta wahala, har akwai lokacin da da leda da filasta muka yi ta dabara, fatar wurin ta saɓule. Wannan ma ina sa shi cikin roƙona: duk asibitin da ke fito da hanji waje ya kasance yana da jakunkunan, da wanda zai koya wa iyali sa su. Ya kuma daina zuwa masallaci, yana ganin ba shi da tsarki, sai da wani malami ya zo har gida ya ce masa: "Alhaji, hukuncinka irin na mai lalurar yoyon fitsari ne, yi alwalarka ka shiga sahu." Ranar Juma'ar da ya koma, da kansa ya kira ni ya gaya mini. Ya ga wata daminar, ya aurar da autarsa, Allah ya karɓi abinsa bayan an gama girbi. Allah ya jiƙansa da sauran musulmi.

Idan an tashi horon ana neman cikin da ɗalibai za su koya a kai, nawa yana nan. Ni siriri ne, matashin likitan nan ya taɓa gwadawa ya ce hanjina na fitowa tar a allo. Ban da ranar Juma'a, kowace rana ina gida.

Wassalam.

Naka,
Tsohon majo,
Unguwar Zariya, Maraɗi